Sanyi: Tarihin Kalmar da Ta Haɗiye Cututtukan Matan Aure a Karkarar Kano

Duk wanda ya bi titin Kano zuwa Katsina, ya wuce Bichi ya shiga ƙasar Tsanyawa a ranar da wata kasuwa ke ci, da wuya ya fita bai ji lasifikar mai maganin gargajiya ba. Basir ne kan zo farko a jerin abin da ake tallatawa, shawara ta biyo, sannan a sauka kan kalmar da ta fi kowace kawo ciniki: sanyi. Ana sayar da maganin sanyin mara, da na sanyi mai sa ƙaiƙayi, da na sanyi mai fitar da farin ruwa, da na sanyi mai hana haihuwa. Mafi yawan matan da ake nufi ba sa cikin kasuwar. Suna gida, yaro ko miji ko wata dattijuwa ce za ta kai musu ƙullin.

Ƙidayar 2006 ta nuna mutum 157,680 a ƙaramar hukumar Tsanyawa, cikin garuruwa irin su 'Yankamaye da Tatsan da Daddarawa, a ƙasar da gona ke manne da gona ba tare da saura ba. A irin wannan wuri, fitar ruwa daga gaban mace na cikin koke-koken da ma'aikaciyar lafiya ke yawan ji, idan matar ta samu ta kai gare ta. A ilimin likita, wannan ruwa alama ce kawai, kuma abubuwa aƙalla shida na iya haddasa ta, wasu ba sa buƙatar magani ko kaɗan, wasu kuwa suna iya raba mace da haihuwa ko da ranta. A bakin jama'a duka sunansu ɗaya. Yadda aka yi kalma ɗaya ta ɗauki wannan kaya, da dalilin da ya sa nauyin ya fi sauka a kan wasu mata fiye da wasu, labari ne da ya faro tun kafin a gina asibiti a Kano.

Sanyi kafin zuwan madubin likita

A tsohuwar fahimtar Hausawa game da jiki, sanyi abu ne mai shiga. Yana bi ta ƙasa mai laima, ta ruwan da ba a ɗumama ba, ta iskar damina, ya kwanta a gaɓoɓi ko a mara ya jira lokacinsa. Masana irin su Murray Last da Lewis Wall, waɗanda suka zauna a ƙauyukan Malumfashi tsakanin ƙarshen shekarun 1960 da shekarun 1970, sun bayyana yadda wannan tunani ke ratsa maganin gargajiya, kuma littafin Wall na 1988 kan maganin Hausawa ya ba shi muhimmanci. Jikin mace, musamman bayan haihuwa, ana ganinsa a buɗe, don haka ya fi saurin kamuwa.

Daga nan wankan jego ya samo hujjarsa. Kwana arba'in ko fiye mai jego tana wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, tana shan kunun kanwa, a wasu wuraren tana kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi, duk don a gasa jikin kada sanyi ya samu wurin zama. A shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego a yankin da wannan haɗin zafi da kanwa. Tsoron sanyi ya kai matsayin da ake ɗaukar kasadar zuciya don a kauce masa.

Kalmar tana da wata fuska ta biyu. Ƙamusoshin Hausa sun daɗe suna fassara ciwon sanyi da gonoriya, cutar da ake ɗauka ta hanyar saduwa, wadda a jikin namiji ke bayyana da mugunya da zafin fitsari. Sanya wa irin wannan cuta sunan sanyi ya yi wa al'umma wani amfani: mutum na iya neman magani ba tare da ya amsa laifi ba, domin sanyi na iya shigar kowa. Kara ce da aka gina cikin harshe. Sai dai ta zo da farashi, domin cutar da aka ce daga laima take ba ta tilasta wa kowa tambayar wa ya kawo ta gida.

Akwai kuma gishiri, sunan da ake ba wa tarin matsalolin mata, tun daga ƙaiƙayi da zafin saduwa har zuwa doguwar naƙuda da rashin haihuwa. Maganinsa shi ne ungozoma ko wanzami ya tsaga cikin farji da aska. Binciken da aka yi kan yoyon fitsari a Zariya, da aikin da Kees Waaldijk ya fara a Babbar Ruga ta Katsina a shekarun 1980, sun nuna cewa wani kaso na matan da ke yoyo daga wannan yanka suka samo lalurar.

Abin da malaman fiƙihu suka rarrabe

Kuskure ne a ɗauka cewa kunya ta hana al'ummar Hausa magana kan wannan batu gaba ɗaya. A zauren karatu an yi maganar dalla-dalla. Littattafan Malikiyya da ɗalibi ke bi, daga Ahalari da Ishmawi zuwa Iziyya da Risala, sun bambanta jinin haila da na biƙi da na ciwo, sun bambanta maniyyi da maziyyi da wadiyyi, sun ambaci farar kumfa da bushewa a matsayin alamomin tsarki, sun kuma yi sauƙi ga mai lalurar da ruwa ke zubo masa a mafi yawan lokaci. Wannan rarrabewa tana ɗauke da wata gaskiya da likitanci ya tabbatar daga baya: ba kowane ruwa ne ciwo ba. Lafiyayyar mace na fitar da ruwa mara wari wanda ke ƙaruwa a tsakiyar wata da lokacin ciki.

Matsalar ita ce wa ke samun karatun. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Nurul Albab, ya zargi malaman zamaninsa da barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilcin hukunce-hukuncen tsarki da salla alhali suna koyar da ɗalibai a waje. 'Yarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke kai ilimi ga matan ƙauye. Makarantun Islamiyya na matan aure da suka yaɗu a Kano daga shekarun 1970 da 1980 sun ci gaba da wannan aiki. Amma tambayar fiƙihu ita ce ko alwala ta karye. Ba aikinsa ba ne ya faɗi abin da ya sa ruwan ya koma ruwan ɗorawa ko ya fara ƙarni.

Asibitin da bai jira mace ba

A lokacin da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, likitancin Turai ya riga ya fara warware wannan ƙulli. Alfred Donné ya ga ƙwayar tirikomonas ta madubin likita a Faransa a 1836. Albert Neisser ya gano ƙwayar gonoriya a 1879. A 1892 Albert Döderlein ya bayyana ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a farjin lafiyayyar mace, waɗanda ke sa wurin ya yi tsami har miyagun ƙwayoyi su kasa yaɗuwa. Sai a 1955 Gardner da Dukes suka bayyana yanayin da ya fi kowane haddasa ruwa mai ƙarni, wato rikicewar waɗannan ƙwayoyi na asali, kuma wajen 1960 maganin metronidazol, wanda aka fi sani da Flagyl, ya shigo.

Kaɗan ne daga wannan ilimi ya isa ga matar ƙauye. Asibitocin farko na mulkin mallaka an yi su ne don jami'an Turawa da sojoji da ma'aikata. Asibitin birni na Hukumar En'e, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Murtala Muhammad, ya zo ne a ƙarshen shekarun 1920, kuma daga ƙasar Tsanyawa tafiya ce mai nisa a kan jaki. Damuwar gwamnati da cututtukan saduwa, wadda ta kai ga dokar 1943, ta ta'allaƙa ne kan lafiyar soja da karuwancin birane. Matar aure da ke cikin gidan mijinta ba ta cikin wannan lissafi. Ma'aikatan ɗakin shan magani na gundumomi kuwa maza ne, kuma babu mijin da zai kai matarsa wani namiji ya duba gabanta saboda ƙaiƙayi.

Abin da ya isa ƙauye shi ne maganin ba tare da gwajin ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu allurar fenisilin ta yi suna, masu allura na yawo suka bi kasuwanni, daga baya kemis ya zama asibitin talaka. Aka saba da sayen kafso biyu ko huɗu gwargwadon kuɗin hannu. Wannan ya haifar da wani zagaye mai wuyar fita: maganin kashe bakteriya da aka sha barkatai yana kashe ƙwayoyin Döderlein, sai wani nau'in yis mai suna kandida ya samu fili, ya kawo ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri kamar kindirmo, matar ta koma kemis ta sake sayen abin da ya jawo shi. Daga birane kuma wani sabon suna ya shigo, infekshan na banɗaki, wanda ya ɗora laifin kan masai kamar yadda tsohon sunan ya ɗora shi kan laima. Ba ta wurin zama a masai ake ɗaukar gonoriya ko kilamidiya ba.

Kulle, rijiya da cin rani

Tsarin rayuwar da ke yanke wa mace hukuncin ko za ta ga ma'aikaciyar lafiya shi ma yana da tarihi. Kullen matan ƙauye bai yaɗu a da kamar yadda ya yaɗu a ƙarni na 20 ba. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau wajen 1950, ya danganta yaɗuwarsa da ƙarewar bauta, lokacin da barin aikin gona ya zama alamar 'yanci da mutunci ga mace. Polly Hill, wadda ta yi nazarin Batagarawa da Dorayi, ta ƙara da cewa kusancin ruwan ƙasa, wanda ya ba da damar haƙa rijiya cikin gida, da yawan jakuna masu ɗaukar kaya, su suka sa kulle ya yiwu a karkara mai cunkoso. Kulle bai hana mata sana'a ba, amma ya sa fita asibiti ta zama abin da ke buƙatar izini da kuɗin mota da bayani. Bayanin kuwa shi ne abin da ya fi wuya a bakin amarya.

Shekarun aure na da tasiri a jiki kansa. A bakin mahaifar yarinyar da ba ta gama girma ba, fatar da ƙwayoyin gonoriya da kilamidiya suka fi kamawa tana a bayyane fiye da ta babbar mace. Idan mijin ya girme ta da shekaru masu yawa, kuma ya yi aure a baya, tana gadon tarihin da ba ta sani ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna cewa Arewa maso Yamma na cikin shiyyoyin da ake aurar da mata da wuri fiye da ko'ina, kuma matsakaicin haihuwar mace a shiyyar ya kai 6.6, alhali na ƙasa baki ɗaya 5.3 ne. Kowane ciki na ƙara yawan ruwan da kuma yiwuwar kandida, kowace haihuwa a gida ba tare da tsabtatattun kaya ba ƙofa ce ga ciwon mahaifa.

Binciken na 2018 ya kuma nuna cewa kashi 31 cikin ɗari na matan aure a Najeriya suna da kishiya, kuma adadin ya fi haka a Arewa maso Yamma. Ta fuskar yaɗuwar cuta, gidan mai mata uku da'ira ɗaya ce. Idan babu abin da ya shigo daga waje, babu abin da zai zaga. Idan ya shigo, rabon kwana zai kai shi kowane ɗaki, kuma maganin da uwargida ta sha ita kaɗai ba zai yi ƙarko ba. Yawan saki da sake aure na haɗa wannan da'ira da wasu. Cin rani, wanda tun zamanin gyaɗa ke kai mazan wannan yanki Kano da Kaduna da Legas bayan girbi, yana buɗe ta na tsawon watanni.

Sai ruwa. Madatsun da aka gina a jihar Kano tun daga mulkin Audu Bako, irin su Tiga da kuma Watari da ke Bagwai, sun kawo noman rani, sun kuma samar wa katantanwar da ke ɗauke da tsargiya mazauni, kamar yadda kududdufan bayan gari ke yi da damina. An san tsargiya da fitsarin jini a jikin yara maza. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ƙwan tsutsar na maƙalewa a bakin mahaifa da farji, su kawo ruwa da jini bayan saduwa shekaru bayan yarinya ta daina wanka a rafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin hotuna a 2015 don ma'aikata su gane shi, domin ana yawan ɗaukarsa cutar saduwa ce, a yi ta ba wa mace maganin da ba nata ba, wani lokaci ma a yi mata zargi.

Na ƙarshe shi ne kasuwar kayan mata, wadda ta tashi daga hannun dillaliya ta koma Facebook da TikTok. Matsi da miski ko alif, tsarki da ruwan bagaruwa ko sabulu mai ƙarfi, duk ana yin su ne da niyyar tsabta da riƙe miji a gidan da ake gasa. Nazarin da ya tattara bayanan mata daga ƙasashen Afirka da dama, wanda aka buga a 2011, ya nuna cewa wanke cikin farji da sabulu na tafiya tare da rikicewar ƙwayoyinsa na asali. Matar da ta ji ƙarni ta ƙara wanki, wankin ya ƙara ƙarnin.

Darasi daga ƙauyukan Asiya

Duniya ba ta waiwayi wannan batu ba sai a ƙarshen shekarun 1980. A 1989 likitoci biyu, Rani Bang da Abhay Bang, suka buga sakamakon duba mata 650 a ƙauyuka biyu na Gadchiroli a Indiya, inda suka ce kashi 92 cikin ɗari na da wata lalurar mata, kuma kaɗan ne aka taɓa dubawa. Taron Alƙahira na 1994 ya sa lafiyar haihuwa gaba ɗayanta cikin manufofin ƙasashe. Da yake ɗakin gwaji ya yi ƙaranci, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaɗa tsarin ba da magani bisa alamomi kawai, kuma gwajin Mwanza na Tanzaniya a 1995 ya nuna cewa inganta maganin cututtukan saduwa ta wannan hanya ya rage sababbin kamuwa da ƙanjamau da kusan kashi 40. Najeriya ma ta ɗauki tsarin.

Tsarin ya yi aiki ga maza masu mugunya, amma ga mata ya yi tuntuɓe. A Matlab ta Bangaladash, binciken 1999 ya gano cewa cikin mata 320 da suka zo da koken fitar ruwa, kimanin kashi 30 ne ke da rikicewar ƙwayoyi ko kandida, uku kacal ke da gonoriya ko kilamidiya. A Gowa ta Indiya, Vikram Patel da abokan aikinsa suka bincika mata kusan 2,500, suka buga a 2005 cewa damuwa da ƙuncin rai sun fi ƙwayar cuta alaƙa da wannan koke. Ke nan mace na iya cewa tana da sanyi alhali abin da take nufi ya haɗa da gajiya da ciwon baya da halin da take ciki a gidan miji, domin sanyi ne kaɗai ƙorafin da ake karɓa ba tare da an ce ta tona asiri ba. A ɗaya gefen kuma, kilamidiya na yawan zama shiru ba tare da wata alama ba har ta toshe hanyar ƙwai, sai bayan shekaru a ce juya ce, a yi mata kishiya ko a sake ta. Sankarar bakin mahaifa ma kan fara da ruwa mai wari da ɗigon jini, kuma watannin da aka ɓata ana shan jiƙo su ne watannin da za a iya ceton rai.

Mijin da ba a kira ba

An samu sauye-sauye a shekarun baya-bayan nan. Shirin tura ungozomomi karkara na 2009, da shirin horar da mata ma'aikatan lafiya da ya gudana a Kano da wasu jihohin Arewa daga 2012, sun ƙara yawan matan da mace za ta iya buɗe wa baki, bisa ga abin da Hausawa suka daɗe da sani, cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A Oktoban 2023 aka fara allurar rigakafin cutar da ke jawo sankarar bakin mahaifa ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, kuma Kano na cikin jihohin farko. A 2024 jihar ta kafa dokar gwaji kafin aure, wadda ta ƙunshi ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jini na sikila. Wannan doka ta karya wani tsohon shinge, domin ta sa ango shi ma ya miƙa hannu a ɗebi jininsa. Sai dai gwajin na ranar shiga ne, auren kuwa na shekaru.

A Maris na 2025 wata babbar mujallar likitanci ta Amurka ta buga gwajin da aka yi a Ostireliya kan rikicewar ƙwayoyin farji, yanayin da aka daɗe ana ɗauka matsalar mace ce ita kaɗai. Inda aka ba wa matar magani ita kaɗai, ciwon ya dawo wa kashi 63 cikin ɗari a cikin mako 12. Inda aka haɗa da mijin, kashi 35 ne. Bambancin ya yi girman da aka tsayar da gwajin kafin wa'adinsa. Ma'auratan da aka gwada masu mace ɗaya ne, don haka a gidan da ake rabon kwana lissafin zai fi haka tsawo.

Tun daga wanzami zuwa mai allura, daga kemis zuwa mai lasifika, duk wanda ya sayar da maganin sanyi a wannan ƙasa ya sayar wa mace ne, ko da kuɗin daga aljihun miji ya fito. Ilimin da ake da shi yanzu na nuna cewa ƙaramin asibiti a Tsanyawa na buƙatar abubuwa marasa tsada: ma'aikaciya mace da ke da lokacin sauraro, ɗakin da ke da ƙofa, madubin likita da takardar gwajin tsami, da maganin tsargiya a kan kanta. Abu ɗaya ne ba a saye da kasafin kuɗi, wato maigida ya zauna a kan bencin jira tare da iyalinsa, ya yarda a rubuta sunansa a kati.